Kano na nan kusa, amma a waya ta fi Bamako nisa

Larabar da ta wuce na raka yayana Kano ganin likitan ido. Mun bar Damagaram bayan sallar asuba, muka bi ta Matamaye da Ɗan Barto muka faɗa Daura. Tun ba mu gama da ƴan duwan ba saƙo ya shigo salulata, wai barka da zuwa Najeriya. Na ce madalla. Kiredin jika biyar na zuba kafin mu tashi, amma kafin la'asar ko dala ba ta rage ba. Kira uku na yi gida, na amsa biyu, sannan na manta ban kashe intanet ba, bidiyon rukunin dangi na WhatsApp suka yi ta sauka ni kuwa ina zaune a bencin asibiti ina hamma. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don rabin laifin nawa ne.

Ɗaya rabin ne ya hana ni barci.

Abin da ake kira romin ba wani tsafi ba ne. Da ka tsallaka iyaka, layinka ya zama baƙo a turakun wani kamfani. Mai masaukin zai ɗauke ka, amma yana rubuta kowane minti da kowane mega, ya aika wa kamfaninka na gida da lissafi a farashin sari, shi kuma naka ya ɗora ribarsa ya zare daga kiredinka. Idan Hajiya ta kira ka daga Birni, kiran sai ya fara neman ka a rezon gida, sannan a tura shi ƙasar da kake a matsayin kiran ƙasa da ƙasa. Dalilin da ya sa ake cin kuɗinka ko da amsawa kawai ka yi ke nan. Mutanenmu na ƙauyukan bakin iyaka, wajen Magariya da Ɗan Barto, su abin ya fi cuta: mutum na cikin gonarsa, bai je ko'ina ba, wayarsa ta kama rezon ƙetare da kanta. Maganin wannan shi ne ka shiga saitin waya ka zaɓi rezonka da hannu. Amma tsoho nawa ne ya san wannan?

Waɗanda suka riƙe waya tun da wuri za su tuna Celtel. Mo Ibrahim, ɗan asalin Sudan, shi ya kafa kamfanin a 1998, ya sayar wa MTC na Kuwait a 2005 kan dala biliyan 3.4. A 2006 suka sayi mafi yawan hannun jarin Vmobile a Najeriya. A Satumbar shekarar suka fito da tsarin One Network a Kenya da Tanzaniya da Uganda: ka tsallaka da layinka, ka amsa kira kyauta, ka kira a farashin ƙasar da kake. Ƙarshen 2007 tsarin ya iso Nijar da Najeriya da Cadi. Fataken Kasuwar Dole da ke sarin atamfa a Kantin Kwari sun san daɗin wancan lokacin.

Ba tausayinmu aka ji ba. Turken da ke Damagaram da wanda ke Kano duk na mutum ɗaya ne, to wa zai aika wa lissafi? Aljihun dama ne ke biyan na hagu. Kuma sun gane cewa Bahaushen da ke kwana nan ya wuni can zai riƙe layin da ba ya yanke masa zumunci. Wato jarin da suka zuba a ƙasashe maƙwabta shi ya haifi arhar, ba wani abu ba.

Daga nan kamfanin ya yi ta sauya hannu kamar goron biki. Ya koma Zain a 2008. A 2010 Bharti na Indiya ya saye harkar Zain a ƙasashen Afirka 15 kan dala biliyan 10.7, muka wayi gari da Airtel. Moov kuwa daga Telecel ya faro, ya bi ta hannun Etisalat na Daular Larabawa, ya koma na Maroc Telecom a 2015. Orange ya shigo a 2008, ya tattara a ƙarshen 2019 ya sayar wa Zamani, wanda a lokacin Mohamed Rissa, mai motocin Rimbo, ke cikin masu shi. Ga kuma Niger Telecom na gwamnati, da aka samar a 2016 daga haɗewar Sonitel da SahelCom. MTN da ya cika Najeriya tun 2001 ba shi da reshe a nan ko kaɗan. Duk wannan ciniki an yi shi a Kuwait da Delhi da Rabat da Paris, mu dai sai mu ga an sake fentin shago.

A nan ne nake da magana. Arhar da mai kamfani ya ba ka don ransa, zai iya sake mata sharaɗi duk ranar da lissafinsa ya canza, ko ranar da ya sayar ya tafi. Wadda ke daɗewa ita ce wadda doka ta kafa. Turawa ma ba kamfanoninsu ne suka yi musu alheri ba; Tarayyar Turai ce ta yi ta datse farashin shekara da shekaru, har ranar 15 ga Yunin 2017 aka soke ƙarin kuɗin romin a tsakaninsu. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yi tata dokar a Disambar 2017, ta kwanta a takarda, sai a 2023 Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiki da ita tsakaninsu. Mu kuwa mun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. A ƙarshen 2024 hukumomin sadarwar Nijar da Mali da Burkina Faso sun sa hannu a Yamai kan sauƙaƙa romin a ƙasashen AES, wato ƙawancen ƙasashen nan uku na Sahel. Na yaba, wallahi. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, a unguwarku mutum nawa ya je Bamako bana, nawa kuma suka je Kano, Katsina ko Maigatari? Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, Kano kuwa ba ta kai 300 ba. Auratayyarmu can take, asibitinmu can, sarinmu can.

Ba sai mun koma wata ƙungiya ba kafin a gyara wannan. Hukumomin sadarwa, ARCEP tamu da NCC ta Najeriya, za su iya zama su biyu su tsayar da iyakar farashin sari tsakanin kamfanoni, su ce amsa kira kyauta ne na wasu kwanaki. Saɓanin siyasa bai hana buhun wake tsallakawa ba, bai kamata ya hana muryar uwa ba.

Wani zai ce ai sai ka sayi sim na can. Da haka muke yi, waya mai layi biyu, 227 a gefe 234 a gefe. Amma tun ƙarshen 2020 Najeriya ta ɗaure rajistar layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, don haka ga baƙon kwana biyu abin ba kamar da ba ne. Sai mutane su koma aron layin da aka yi wa rajista da sunan wani, wanda ni ban ga hikimarsa ba a wannan zamani na rashin tsaro.

Da na kawo zancen nan a majalisarmu ta bayan isha'i, wani abokina ɗan canji ya ce, "Malam, maimakon kuka, mu sayi hannun jarinsu mana, in sun ci mu ci." Ban raina maganarsa ba. Airtel Africa na kasuwar hannun jarin Landan da ta Legas tun 2019. Maroc Telecom na Kasabalanka da Paris. Mafi kusa da mu ita ce BRVM ta Abijan, inda ake ciniki da sefarmu, kuma Sonatel na Senegal na can tun 1998, shi da ke aiki har Mali da Gini. Abin takaici, babu kamfanin wayar Nijar ko ɗaya a wannan kasuwa.

Sai dai na tuna masa abin da ya fi ni sani. Kamfani na iya ƙara masu layi miliyoyi, kuɗin ƙasar ya faɗi, ribar ta narke. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, MTN Najeriya da Airtel Africa duk sun bayyana asara, alhali mutane ba su daina kira ba. Ga tarar dala biliyan 5.2 da aka fara yanke wa MTN a 2015 kan layukan da ba su da rajista. Ga Etisalat na Najeriya da bashin dala biliyan 1.2 ya kayar a 2017 har ya koma 9mobile. Ya yi shiru, ya kurɓi shayinsa, ya ce to zai fara da kaɗan, bayan ya tambayi malaminsa.

Wata mai zuwa za mu koma a duba idon Yaya. Na riga na gaya wa direba ya tuna mini a Matamaye in kashe intanet.