Yadda layi ɗaya ya yi wa Alhaji wanka a fadama

Jama'a duk mai taɓa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, ya ji tsoron rubutun nan da ake sawa tsakanin /* da */, kwament ɗin nan da wai shi ke gaya maka me kod yake yi. Kwamfaila, manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura, ko kallonsa ba ta yi, share shi take kafin ta fara aiki, don haka ko ƙarya aka gilla a ciki zai yi shekara goma zaune lafiya lau ba wanda zai ce masa kanzil.

Wani Alhaji ne mai gonar shinkafa a fadamar Argungu ya ce in haɗa masa abin da zai riƙa kunna famfon ban ruwa mai sola daga waya, na sayo ɗan bod mai Linux, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, direban da ke tada famfon kuma, wato kod ɗin da ke ba shi umarni, wanda ya zo da bod ɗin ne, ba ni na rubuta ba. A kwament ɗin da ke saman wani sashen kod ɗin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa lokacin jira a milisakan ake ba shi. Shi ke nan, ina son daƙiƙa 3 na sa 3000.

Ashe kod ɗin jifi yake ƙirgawa. Jifi ɗin nan bugun agogon kanel ne, tsawonsa kuma ya dogara da HZ, wato yawan bugun a daƙiƙa ɗaya, wanda ake iya saitawa 100 ko 250 ko 300 ko 1000. Bod ɗina 100 ne, jifi ɗaya milisakan 10 kenan, 3000 ɗina ta koma daƙiƙa 30. A gida da ƙwan fitila na gwada da 100, ya ɗan yi jinkirin daƙiƙa guda na ce ai netwok ne, ku ma kun san halin netwok ɗinmu.

Ranar gwaji Juma'a ce, Alhaji ya sha shadda fara sol da hula zanna, daga nan masallaci zai wuce, har da abokansa ya gayyato su ga fasaha. Na danna. Shiru. Na sake kallon waya, shiru, gumi ya fara keto min. Alhaji ya ce "Injiniya, wanga abu naka lahiya dai?" Na ce ranka ya daɗe yanzun nan, sai bawan Allah ya ɗaga bakin tiyo ya kanne ido ɗaya yana leƙawa wai ko ciyawa ta toshe shi, to daidai nan daƙiƙa talatin ta cika.

Ruwan farko na tiyo kuma kun sani ba ruwa ba ne, taɓo ne. Hula ta yi gabas, abokai suna ta sannu Alhaji sannu Alhaji suna juya baya kafaɗunsu na rawa, yaron gona kuwa kwanciya ya yi kan kunya yana dariya har da shure-shure.

Da dare na buɗe git blame, abin nan da ke nuna wa ya taɓa kowane layi da yaushe. Kwament ɗin tsoho ne, lokacin da aka rubuta shi gaskiya ne, daga baya wani ya zo ya cire msecs_to_jiffies, mai juya milisakan zuwa jifi, ya bar bayanin yadda yake. Zargina injinsa HZ 1000 ne, inda jifi da milisakan duk ɗaya, shi dai ya ga aiki na tafiya ya kama gabansa. Abin haushin ma ko kernel-doc, manhajar duba kwament da ke ƙorafi in sunan da ke kwament ya saɓa da na kod ba zai kama wannan ba, suna yake dubawa ba ma'ana ba. Ni a ganina wanda ya canja kod ya bar kwament gara ya goge shi gaba ɗaya, da babu komai a wurin ai dole in karanta kod ɗin da idona.

Na mayar da layin msecs_to_jiffies, famfo yanzu daƙiƙa 3 cif yake tashi. Alhaji ya biya ni amma sai da ya zare kuɗin wanki da guga, kuma ya kafa doka duk ranar da za a sake gwaji ni zan riƙe tiyo.