Direba na zuƙar sigarin lantarki, wa zai hana shi?

Ranar wata Alhamis ta kasuwar Maigatari na shiga motar haya daga Gumel, mu biyu a gaba, huɗu a baya. Da muka bar gari direban, wani matashi, ya zaro wani ɗan abu mai kama da biro ya kai baki. Nan take farin tururi mai ƙamshin alawa ya turnuƙe gaban motar, ga gilasai a rufe saboda sanyin hunturu.

Wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, ka bari mu sauka tukuna mana."

Ya ce, "Iya, ai ba taba ba ce. Ko 'yan rod sefti ba su hana ba."

Abin haushin shi ne, yaron yana da 'yar gaskiyarsa. A jerin laifuffukan da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke cin tara a kai akwai waya a hannu, akwai rashin ɗaura bel, amma babu sunan sigarin lantarki. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta shan taba a motocin haya, sai dai da ganyen taba aka fi saninta, shi ya sa mai wannan na'ura ke ganin ba da shi ake ba. Ko a Ingila haka abin yake: dokarsu ta 2015 da ta hana shan taba a motar da ke ɗauke da wanda bai kai shekara 18 ba, ba ta haɗa da na lantarki ba. Amma ɗan sandan can na iya kama direba da laifin tuƙin sakaci idan tururin ya tare masa gani.

To mu ma ai muna da laifin tuƙin ganganci a dokokinmu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Tururi ya rufe ido na daƙiƙa biyu, an shafe fiye da mita 40 a makance. A hanyar da amalanken shanu ke fitowa daga gona ba sallama, yara na kora awaki, ga hazo, ga masu babur da buhunan riɗi a baya, mita 40 ta isa a yi zaman makoki a gida bakwai. Tururin ma ya fi hayaƙin taba kauri, hannu ɗaya kuma ya bar sitiyari.

Wasu za su ce a jira Abuja ta yi sabuwar doka. Ni ban ga amfanin jiran ba. Ko an yi ta, jami'i nawa ke tsayawa tsakanin Gumel da Maigatari? Mai faɗa a ji a wurin direban karkara shugaban tasha ne. Wanda ke iya hana mota lodi saboda kuɗin tikiti, zai iya hana ta saboda wannan. Ya kamata ƙungiyar direbobi ta NURTW ta sanar a tashoshinta cewa muddin da fasinja a ciki ba a zuƙar komai, wanda aka kai ƙararsa ya rasa layinsa na ranar.

Mai motar kansa kuwa, in shi kaɗai ne a ciki, ba ni da hurumi a kan huhunsa. Sai dai ya sauka gefen titi ya kashe mota ya gama, sannan ya hau hanyar da ni ma nake bi.