Ranar da giya ta kayar da ni a Faransa

Bari in fara wanke kaina tukuna: ban taɓa shan giya ba, ko ɗigo, amma har yau ɗin nan akwai mutane a danginmu na Funtuwa da ba su yarda da wannan maganar ba. Keke ne ya ja min, sai kuma bakina.

Ina dab da cika shekara da zuwa karatu garin Dijon, wani ɗan ajinmu Bafaranshe, ni dai Dogo nake ce masa don tsawonsa kamar falwaya, ya tambaye ni ko na iya keke. Ni fa! Ni da na yi shekara shida ina zuwa sakandare a kan Phoenix ɗin Baba, wataran da buhun masara a kariya da ƙanina a kan sanda? Na ce masa ai a kan keke aka yanke min cibi. Ya ce to ranar Asabar mu bi hanyar gonakin inabi daga Beaune zuwa Santenay, kilomita 22 ce kawai. Na ce kawai? Ai wannan aiken cefane ne.

Farkon Satumba ne, ana shirin fara tsinkar inabi. Muka shiga jirgin ƙasa, ko rabin awa bai yi ba muka sauka Beaune, wanda harafi shida ne a rubuce amma a baki "Bon" kawai ake cewa, sauran haruffan ado ne, haka Faransanci yake, ni na daina faɗa da shi. Keken da Dogo ya aro min na yayansa ne. Da yatsa biyu na ɗaga shi. Taya siririya kamar tsinken tsire, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ba kariya, ba madigadi, ba ƙararrawa, sirdin kuwa duk wanda ya ƙera shi bai taɓa son ɗan Adam ba. Sannan ga wani takalmi mai ƙarfe a tafinsa da ke maƙalewa a feda, ya ce in zan tsaya in murɗa dunduniya waje sai ya saki. Na ce na gane. Ya kuma miƙo min wani matsattsen gajeren wando mai soso a mazaunai, na kalli wandon na kalli kaina, ɗan Malam guda, na sa shi daga ciki na ɗora dogon wandona na shadda a kai. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, na ce bar shi, al'ada ce.

Kafin mu kama hanya sai da muka shiga tsohon asibitin garin, Hôtel-Dieu, kuma gaskiya wurin ya burge ni. A 1443 wani Nicolas Rolin, wazirin sarkin Burgundi na lokacin, shi da matarsa Guigone de Salins suka gina shi don talakawa, bayan yaƙi da yunwa sun gama da mutanen yankin. Daga waje ba ka ganin komai sai baƙin gini, kana shiga tsakar gida sai ka ga rufi da tayil ja da kore da rawaya da baƙi an jera su kamar aikin hular zanna bukar. Cikin babban ɗakin majinyata gadaje ne a jere da jajayen labule, kuma har 1971 ana kwantar da marasa lafiya a gidan. Abin da ya ɗaure min kai shi ne inda kuɗin ke fitowa: masu hali ne suka riƙa ba asibitin wakafin gonakin inabi, har ya tara wajen hekta 60, kuma tun 1859 ake gwanjon giyar gonakin, yanzu duk Lahadi ta uku a watan Nuwamba ake yi, kuɗin ya tafi hidimar asibiti. Na ce wannan mas'ala sai malamai. Akwai kuma wani tsohon zane na ranar hisabi, na Rogier van der Weyden, mala'ika riƙe da sikeli yana auna mutane, na tsaya na kalle shi sosai ban san nawa hisabin yana jirana da yamma ba. Duk wannan zagayen fa da takalmin nan nake yin sa a kan daɓen duwatsu, ƙwas ƙwas ƙwas kamar an shigo da doki, tsofaffin Turawa sai waiwaye suke.

Daga Beaune zuwa Pommard lafiya lau, har ina sakin hannu ɗaya. Hanya 'yar siririya tsakanin gonaki, inabi layi-layi har kan tudu, kowace gona da katangar dutse ba siminti, nan da can ga 'yan bukkokin dutse da manoma ke fakewa. Ni ɗan manomi ne, sai na duƙa na kalli ƙasar, tsakuwa ce zalla da farar ƙasa, na ce wa Dogo wannan a wajenmu fako ce, ko gero ba zai yi ba, kyauta aka ba Baba sai ya yi shawara. Dariya har ya kusa faɗuwa. Ya ce irin wannan ƙasar inabin ke so, in ya sha wuya 'ya'yan sun fi ɗanɗano, kuma can gaba wajen Montrachet akwai fakon da ke cikin gonaki mafi tsada a duniya. Wai kowane ɗan yanki da sunansa da iyakarsa tun zamanin da limaman coci ke noman wurin, guda 1,247, har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Yana ta zuba bayani ni kuma numfashi ya fara gagarata, don mun kama hawan Volnay, ƙauyen a jikin tudu yake.

To a nan ne aka yi ta. Keken nan giya 22 ne da shi, kuma hannun birkin shi ne dai na canza giya, ka ja baya ya tsaya, ka tura gefe ya canza. Phoenix ɗin Baba ba ta san wannan iyayin ba, in tudu ya yi tudu sauka kake ka tura abinka da mutunci. Dogo daga sama yana ihu in sauya, in sauya, na tura na hagu, sai feda ta yi nauyi kamar ina taka dutsen niƙa, na sake turawa, sai na ji ƙiii, sarƙa ta cafke ƙafar wandon shadda. Keke ya tsaya cak. Na zo sauke ƙafa, ƙafa ta ce ba inda za ta, na manta da zancen murɗa dunduniya sam, ina ta fizga sama. Ban taɓa sanin mutum zai iya faɗuwa a hankali haka ba, sai da na samu lokacin yin salati cikakke, na ga sama, na ga tudu, na ga wata mata da karenta sun tsaya suna kallo, sannan na tafi gaba ɗaya kamar bishiyar da aka sare, ni da keken a manne, cikin layin inabin mutane.

Wani dattijo ya taho da sauri daga cikin gonar da almakashi a hannu. Na ce Allah sarki, har na miƙa masa hannu ya ɗaga ni. Wuce ni ya yi. Ya durƙusa gaban kurangar, ya ɗaga reshe ya duba, ya shafa ganye, ya ƙirga nonon inabin da na murƙushe, uku, yana ta magana ƙasa-ƙasa irin ta mai jaje, sai da ya tabbatar itacen bai karye ba sannan ya juyo ya tambaye ni ko lafiya. Ban ga laifinsa ba, Baba ma in akuya ta shiga masa auduga ba akuyar yake fara dubawa ba. Na tashi da gwiwa a kurje, ƙafar wando ɗaya ta koma iya ƙwauri, farar rigata kuwa daga ƙirji zuwa ciki ta yi shuɗi-shuɗi ja-ja da baƙin inabi.

Da ƙyar na lallaɓa Meursault. Rana ta yi zafi, Dogo ya ce mu shiga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiyar giya, akwai sanyi. Ni sanyin ya kai ni. Ganguna ne na katako a jere, kowace lita 228, ga mutane sun biya kuɗinsu ana zuba musu kaɗan a kofi, su juya, su shinshina, su kurɓa, su kuskure baki, su tofar a bokiti. Ruwa na roƙa aka ba ni, a irin kofin nasu mai doguwar ƙafa don shi ne kawai a wurin. Dogo ya ɗauke ni hoto, ni kuma da rashin hankali na ɗora a status na WhatsApp na rubuta "yawon buɗe ido". Minti biyar ba a yi ba waya ta yi ƙara. Hajiya. Ashe ƙanwata ta kai mata hoton har ɗaki.

"Salamu alaikum Hajiya, ina wuni."

"Kai Auta, mene ne wannan a rigarka? Gangunan mene ne a bayanka?"

"Faɗuwa na yi Hajiya, amma da sauƙi."

"Faɗuwa garin yaya?"

"Wallahi giya ce. Kin san a gida ban saba da ita ba, nan kuma har kala ashirin da biyu ce, na rasa wacce zan sa, abokina yana ta cewa in ƙara, ina taɓa wata mai nauyi sai ƙafata ta ƙi, sai ganina na yi a ƙasa cikin gonar mutane."

Shiru. Sai na ji "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, kuma a daidai nan netwok ya ɗauke, don a ƙarƙashin ƙasa muke. Kafin in hau matakala da takalmin dokin nan in fito waje, caji ya ƙare.

Santenay dai ban gan ta ba, ko rabin hanya ban kai ba, jirgi na shiga daga Meursault na koma Dijon a tsaye don sirdin nan ya hana ni zama. Ina jona waya a caji saƙonni suka fara shigowa kamar ruwan Agusta. Kawu ya turo wa'azin murya na minti goma sha ɗaya da ayoyi. Yayana ya rubuta "mun gode, Auta" kawai. Goggo ta ce dama ita tun a filin jirgi ta ga alama. Ashe "sa" ɗin da na ce, "sha" Hajiya ta ji, sauran bayanin kuma ai ba ya buƙatar gyara.

Washegari sai da na koma gidan yayan Dogo na yi bidiyon keken, ina nuna haƙoran baya ɗaya bayan ɗaya ina cewa ga giyar nan jama'a, irin ta mota, na tura gurup ɗin gida. Baba ya kalla ya ce shi ya yarda, amma keken da ba kariya me ake ɗauka da shi, sannan ya ce in sake faɗa masa zancen fakon nan mai tsada. Hajiya ta ce ta ji, Allah ya kiyaye gaba. Amma jiya ma da muka yi waya, bayan mun gama gaisawa ta tambayi karatu da sanyi, sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Auta, wannan abin dai, ko ta keke ce ko ta mene ne, ka bar ta."