Gidan caca ba magajin masana'anta ba ne

Jama'a, akwai wani yabo da nake yawan cin karo da shi wanda ba ya kwanta mini ko kaɗan. Wai garin Bethlehem na jihar Pennsylvania a Amurka ya mutu da mutuwar masana'antar ƙarfe, sai gidan caca ya zo ya tashe shi. Har misali ake bugawa da shi ga sauran garuruwan da masana'antunsu suka durƙushe.

Ba Baitalami ta Falasɗinu nake nufi ba, takwararta ce da ke bakin kogin Lehigh. A nan kamfanin Bethlehem Steel ya yi fiye da shekara 100 yana narkar da ƙarfe. Da ƙarfensa aka gina gadar Golden Gate ta San Francisco. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya ƙera jiragen ruwa sama da 1,000, kuma a wannan gari kaɗai mutum wajen 30,000 ne ke cin abinci a masana'antar. Kaka ya yi, uba ya yi, ɗa ya gada. A watan Nuwamban 1995 aka kashe wutar tanderu. A 2001 kamfanin ya karye, a 2003 aka sayar da abin da ya rage. Tsofaffin ma'aikata da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban wuta suka wayi gari babu inshorar lafiya, asusun fanshon mutum kusan 95,000 kuwa sai wata hukumar gwamnatin tarayya ce ta karɓe shi. Wanda ya san yadda Kakuri ta koma bayan rufe masaƙun Kaduna ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A 2004 jihar ta halatta injinan caca. Kamfanin Las Vegas Sands na attajiri Sheldon Adelson ya samu lasisi, ya buɗe gidansa a 2009, a daidai filin da ake jibge tama a da. Katafaren ƙugiyar ɗaukar tamar ma ba a rushe ta ba, a jikinta aka rataya sunan gidan cacar. A 2010 aka ƙara da teburan karta, a 2011 aka buɗe otal. A 2019 aka sayar da wurin kan dala biliyan 1.3 ga kamfanin Wind Creek, mallakar ƙabilar Poarch Creek, 'yan asalin Amurka daga jihar Alabama.

Ba na musun alherin da aka gani. An ɗauki mutum sama da 2,000 aiki, masu raba karta da masu gadi da masu girki da masu gyaran ɗakuna, kuma albashin nan yana ciyar da iyali. Hukumar gari na samun miliyoyin daloli duk shekara. Tanderun nan masu tsawo suna nan tsaye, an yi dandalin kiɗa da wasanni a gindinsu mai suna SteelStacks, an kuma buɗe gidan tarihin masana'antu a 2016. Filin da ya zama kufai yanzu ana shiga ana fita.

To amma daga ina kuɗin ke fitowa? Masana'anta tana shigo da tama da gawayi ta fitar da ƙarfen da za a gina gada, mutane su yi shekara 80 suna hawa. Gidan caca ba ya ƙera komai. An tsara injin ne ya riƙa mayar da ƙasa da abin da aka zuba masa, kuma dokar jihar ta yarda ya mayar da kashi 85 kawai cikin 100. Duk dalar da aka kira riba, daga aljihun wani ta fito, wanda ya shigo da ita ya koma gida babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar motocin safa. Jaridun yankin da na New York sun sha kawo labarinsu. A zamanin Sands, kullum motoci sukan kwaso mutane daga unguwannin 'yan Sin da 'yan Koriya na New York, kamar Flushing da Chinatown, tafiyar wajen awa biyu. Duk wanda ya sauka a ba shi katin wasa kyauta na dala 45, don a jawo shi kan inji. Sai ga wasu bayin Allah, tsofaffi da marasa aikin yi, har da waɗanda ba su da wurin kwana, sun mayar da hawa motar sana'a. Su karɓi katin su sayar wa 'yan caca da ɗan ragi, su samu wuri su zauna da ƙunshin abincinsu, ko su yi ta zagaya gari a ƙafa har lokacin komawa ya yi. Wasu a kujerar motar suke barcinsu, su je su dawo, su sake komawa. Ku dubi wannan don Allah. A filin da leburan da bai yi dogon karatu ba yake samun abin sayen gida har ya kai 'ya'yansa jami'a, sai ga dattijo yana kwana a mota saboda 'yan dalolin da ba su kai hamsin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma idan ana neman abin da ya riƙe yankin da gaske, ai ba a ɓoye yake ba. Jami'ar Lehigh tana nan tun 1865, ga manyan asibitoci irin su St. Luke's, ga ɗakunan ajiyar kaya da ƙananan masana'antu da aka gina a sauran filin tsohon kamfanin. Su ba su da fitilu masu walƙiya, shi ya sa ba a ɗaukar hotonsu.

Laifin da na fi gani na gwamnati ne. Jihar tana karɓar fiye da rabin abin da injinan suka ci a matsayin haraji. Wanda yake da irin wannan kaso ba zai so mutane su rage caca ba, ko da ya manna lambar wayar neman taimako a ƙasan kowace talla. Da baitulmali ya saba da kuɗin, sai aka nemi ƙari. A 2017 majalisar jihar ta buɗe ƙofar caca ta intanet, da ta wasanni, da ƙananan gidajen caca, har da injina a wuraren da direbobin manyan motoci ke yada zango. Yanzu wanda ya kai shekara 21 a Bethlehem ba ya buƙatar taka ƙafa zuwa bakin kogi, yana kwance a ɗakinsa zai iya zubar da albashin wata ta wayarsa, jiha kuma ta ɗauki kasonta.