Ni da kwalaben gwajin ruwa

Wallahi duk wanda ya ce maka kiwon murjani, halittar nan ta cikin teku, a tankin ruwan gishiri hutu ne, tambaye shi ko ya taɓa gwajin alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, da yaro a kusa. Abin fa ba wuya a baki, ka ɗebi ruwan tanki a 'yar kwalba kana ɗiga magani kana ƙirgawa har shuɗi ya koma ruwan ɗorawa, a irin nawa kowane ɗigo dKH ɗaya ne, wato ma'aunin alkalinitin, kuma ana so ya tsaya wajen 8 zuwa 9 saboda da shi da kalsiyam murjani ke gina ƙashinsa. Ina kan ɗigo na biyar sai ga autana ya tsaya a kaina wai zai taya ni, bakwai! uku! sha biyu! Kafin ruwan ya juya kala lissafina ya kai 16, gabana ya faɗi, har na fara yi wa murjanin nan kallon bankwana alhali su ko a jikinsu, sun baje abinsu.

Na kore shi na koma kan gwajin naitiret, wato sinadarin da datti ke tarawa a ruwan tanki. Shi kuma wannan sai ka jijjiga kwalbar magani ta biyu sakan 30 da iya ƙarfinka don abin da ke ciki kwanciya yake a ƙasa, ka ɗiga, ka kuma jijjiga ta gwajin minti 1, ka jira minti 5. Ina tsaka da jijjiga murfi ya yi tsalle, rabi a rigata rabi a bango. Aka sake sabo. To ga katin kaloli ga kwalba, wai in gane kalar da ta dace, ni kuwa duk iri ɗaya nake gani, kuma ni dai a ganina wanda ya tsara katin nan mugu ne.

Na ƙwala wa uwargida kira, zo ki duba min wannan ruwan ɗorawa ne ko ruwan goro? Ta kalli kwalba ta kalle ni ta ce, maigida ai da fitilar tankin nan har fuskarka shuɗiya ce, ka fita waje mana cikin hasken rana.

Na fita, kala ta fito ras. Saura gishiri, in tabbatar awonsa yana 1.026, na nemi rifiraktomita, na'urar auna gishiri da ake leƙawa da ido, sama da ƙasa babu, ashe auta ne ya kafa ta a ido yana bin kyanwa a baya wai shi mafarauci.