Mun kwantar da Goggo da sunan tausayi

Na raka maƙwabcina, wani dattijo Bature mai ciwon huhu na COPD (mai toshe hanyar numfashi), wani zauren unguwa a nan Ingila, na tarar da tsofaffi, har da mai tukunyar oksijin rataye a kafaɗa, suna kai-kawo tsakanin alamu biyu masu tazarar mita 10. Na'ura tana ƙara, su juya, ƙarar kuma sai daɗa sauri take. An maƙala musu ɗan abin awo a yatsa, ga kuma allo mai lamba 0 zuwa 10, kowa ya nuna inda hakinsa ya kai. Ma'aikaciyar ba ta ce wa kowa ya zauna ba. Cewa take, muddin kana haki amma kana iya magana, ci gaba.

Shirin motsa jiki ne na masu ciwon huhu, na hukumar lafiya ta gwamnati (NHS), kyauta, sau biyu a mako, mako 6 zuwa 8. Bayan atisaye sai a koya musu fitar da numfashi ta tsuke baki, da shaƙar magani daidai, da alamun da ke cewa a tsaya a nemi likita, kamar ciwon ƙirji ko jiri. Masu ciwon zuciya ma suna da nasu. Hujjar masu shirin ita ce wanda tsoron haki ya zaunar, ƙafafunsa sai su saki, gobe ɗan taku kaɗan ya fi sa shi haki, tsoron ya ƙaru.

Goggona a Zariya ta sha hayaƙin murhu tun tana yarinya. Tun da likita ya ambaci huhu da zuciya, ko buta ba a barinta ta ɗauka. Na san uzurinmu: hazon hunturu, ba abin awo a gida, ba motar asibiti da za ta zo idan ta faɗi. Kuma tsofaffin nan su kaɗai suke hawo bas, alhali ita ba ta wuni babu masu zuwa sannu da jiki. Amma wallahi a wannan Turawa sun fi mu gaskiya. Masu gaisuwa goma, ba ɗaya da zai riƙe hannunta su taka zuwa zaure?

Na kira ƙanena na ce ya tambayi likitanta iya tafiyar da za ta iya. Ya ce, "Yaya, kai da rabonka da ita shekaru, ba ka san yadda jikin ya zama ba." Maganar ta yi mini ciwo. Ranar Juma'a zan kira Goggon da kanta in ji ko tana son fita.