Lambar yabo a kan gawar mata da yara: Amurka ta ƙi jin kunyar Wounded Knee

Tunda sakataren tsaron Amurka Pete Hegseth ya fito a watan Satumban 2025 ya ce sojojin da aka ba lambar girmamawa mafi girma ta soja saboda kisan Wounded Knee na 1890 za su ci gaba da riƙe lambobinsu, kuma wai magana ta ƙare, abin ke ci min rai. Wanda ya gabace shi a kujerar, Lloyd Austin, shi ya sa a sake duba lamarin a 2024, Hegseth kuma ya zo ya rufe fayil ɗin har yana kiran mutanen jarumai. Jarumai fa!

Abin da ya faru ranar 29 ga Disamba 1890 ba a ɓoye yake ba. Rundunar sojan doki ta bakwai ƙarƙashin Kanar James Forsyth ta kewaye ayarin 'yan ƙabilar Lakota, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka, a bakin rafin Wounded Knee a jihar Dakota ta Kudu, mutanen da yunwa da sanyi suka gama galabaita, shugabansu Spotted Elk ma yana kwance da ciwon huhu ko tafiya ba ya iya yi. Sun riga sun miƙa wuya, ana cikin ƙwace musu makamai ne bindiga ɗaya ta tashi, shi ke nan sojoji suka buɗe wuta, igwa huɗu da aka girke a kan tudu suka dinga luguden wuta a kan tantunan da mata da yara ke ciki. Ana ƙiyasta mutum 250 zuwa 300 suka mutu, an tsinci gawarwakin mata da jarirai nesa da sansanin, wato gudu suke aka bi su aka harbe. Sojoji 25 ne suka mutu, da yawansu kuma harsashin 'yan uwansu ne ya same su saboda yadda aka jera su suna fuskantar juna. Gawarwakin suka kwana uku cikin dusar ƙanƙara sun sandare, sannan aka zuba su rami ɗaya. A kan wannan aikin aka raba lambobi wajen 20.

Masu kare hukuncin maganarsu ɗaya ce, wai kar a auna mutanen da da mudun yau, zamaninsu ne ya zo da haka. Wannan magana ba ta da tushe, domin ba mutanen yau ne suka fara kiran abin kisan kiyashi ba. Janar Nelson Miles, babban kwamandan yankin a lokacin, wanda shi kansa ya shafe shekaru yana yaƙar 'yan asalin ƙasar, shi ya dakatar da Forsyth ya sa a bincike shi, ya kuma bayyana abin a matsayin mummunan kisan mata da yara. Manya a Washinton ne suka wanke Forsyth suka mai da shi kujerarsa. Kenan tun a 1891 an san gaskiya, danne ta aka yi, kuma yau ma danne ta ake sake yi. Masu cewa ai su ma ƙabilun suna kai hari kan baƙi, to jaririn da ke goye a bayan uwarsa wa ya kai wa hari?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake sayar wa duniya labarin bazuwar Amurka zuwa yamma kamar wasu bayin Allah ne suka tarar da daji ba kowa suka share suka yi gona. Ƙasar da masu ita. A 1868 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar Fort Laramie ta amince duwatsun Black Hills na Lakota ne, a 1874 ayarin hafsan soja George Custer ya gano zinare a wurin, kafin 1877 ta ƙare Majalisa ta ƙwace wurin. Shekara tara kawai alƙawarin ya yi. Dokar 1862 tana raba wa baƙi eka 160 kusan kyauta, dokar Dawes ta 1887 kuma ta yayyanka filayen ƙabilu, daga eka miliyan 138 suka koma miliyan 48 zuwa 1934. Ɓaunar da mutanen nan ke ci su yi sutura da tanti da fatarta, wadda a da miliyoyi ce, aka karkashe ta har ta koma 'yan ɗaruruwa, kuma akwai hafsoshin da suka ga hakan a matsayin hanya mafi sauƙi ta durƙusar da su. Mutumin da ka raba da ƙasarsa da abincinsa, ka tsugunar da shi yana jiran rabon tsaba da ma ake rage masa, in ya koma yana rawar addu'a yana roƙon Allah ya dawo masa da rayuwarsa sai ka ce tawaye yake shiryawa ka turo masa sojoji. Haka aka kashe Sitting Bull, wani babban shugaban Lakota, mako biyu kafin Wounded Knee, wai an je kama shi.

Kuma fa kotun ƙolin Amurka da kanta a 1980 ta ce ƙwace Black Hills ya saɓa ƙa'ida, ta tabbatar da diyyar sama da dala miliyan 100. Lakota suka ƙi karɓa, kuɗin na nan ajiye ya haura dala biliyan ɗaya da ruwan da ya tara, alhali yankin Pine Ridge da aka keɓe wa Lakota na cikin wurare mafi talauci a duk Amurka. Sun ce ƙasarsu ba ta sayarwa ba ce, ita suke so.

A 1990 Majalisar Amurka ta bayyana matuƙar nadama kan kisan, amma ba ta taɓa lambobin ba. To nadamar me kenan? Ƙasar da kullum take fitar da rahoton take haƙƙin ɗan Adam kan sauran ƙasashe ai ya kamata ta iya wannan ɗan ƙaramin abu. A soke lambobin, a zauna da Lakota kan filayen Black Hills da har yanzu ke hannun gwamnatin tarayya. An sha kai ƙudirin soke lambobin gaban Majalisa bai wuce ba, a sake kai shi, tunda ma'aikatar tsaro ta nuna ba za ta yi da kanta ba.